Ƙusa Huɗu a Bututun Birki

Hafizu, wannan irin labarinka ne. Da kana raye, kai za ka ba da shi a bencin gareji, dariya ta ci ƙarfinka tun kafin ka kai tsakiya. Bayan rasuwarka na ji shi, kuma har yau ban gaya wa kowa ba.

Wani ne a Kaura Namoda ya sayar da gonar gado ya sayi tsohuwar mota, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Lokacin an ware wa mata motocinsu daban, sai gurbi ya samu a layin Shinkafi. Burinsa ke nan a duniya, a ba shi layin nan, ranar Alhamis ya yi lodin 'yan kasuwa. Baba Audu, dattijon da ke raba wa direbobi layi a tasha, ya ce sai ya shiga motar da kansa ya ga tafiyarta tukuna.

Saura mako guda gwajin, mutumin ya taka birki a bakin kasuwa, ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Da ƙyar buhunan gyaɗar wani suka tare shi. Ya lallaɓa zuwa garejin Muhtari makanike.

Muhtari ya leƙa bayan taya, ya shafo mai a yatsa.

"Ƙahwar baya ta dama na yoyo. Ka san yadda abin ga ke aiki?"

"Takawa nikai, ta tsaya."

"To saurara. In ka taka, mai ka tura. Man shi bi bututu zuwa kowace ƙahwa. Can akwai 'yar silinda, mai shi cika ta, ta buɗe hannuwa biyu ta danne ƙarhen da taya ke juyawa da shi. Robar silindar ga ta mutu, mai na zurarewa waje."

"A sa sabuwa mana."

"Sai Gusau. Amma bari in yi maka dabara ta kwana biyu."

Ya kwance bututun, ya cusa ƙusa a bakinsa, ya dandaƙe da guduma. Ya cika mai, ya fitar da iska.

"Na kashe ƙahwa guda. Uku na aiki. Kwana biyu hwa na ce."

Mutumin ya taka birki, ya ji shi da tauri. Ya dubi ƙusa, ya dubi Muhtari. A ransa ya ce, ashe ilimin da ake yi wa mutane yanga da shi ke nan. A hanyar gida ya tsaya ya sayi ƙusoshi da guduma.

Robobin motar nan kuwa duk tsaran juna ne, rana ɗaya aka haife su. Ran Asabar ta bayan hagu ta fara hawaye. Ya shiga ƙarƙashi ya kashe ta. Ran Talata, yana dawowa daga Zurmi, ta gaban dama ta jiƙe. Ya kashe ta a gindin wata tsamiya, har yana koya wa wani mai jaki yadda ake yi. Daga nan in ya taka birki, motar sai ta karkace hagu kamar za ta gaida wani a gefen hanya.

Ran Alhamis da safe ya zagaya motar yana nazari. Ƙafa ɗaya ce ta rage mai taurin kai, ita ke jan motar gefe. Ya ce ai adalci a daidaita su. Ya buga ta huɗu.

Ya shiga ya taka birki. Kamar dutse, ko motsi ba ya yi. Ya buɗe kofin mai, cike taf. Ya ɗaga hannu ya gode wa Allah.

A tasha Baba Audu ya naɗe babbar rigarsa ya zauna gaba, fasinja uku suka shiga baya, ɗayansu rungume da kaji.

"Yaro, birki lahiya?"

"Baba, miƙo ƙahwarka ka taka da kanka."

Dattijo ya miƙa ƙafa ya danna. Ya jinjina kai.

"Kai, ko sabuwar mota ba ta kai wanga tauri ba."

Suka kama hanya. Titi fetal, gero an girbe, ba abin da ya gitta. Mutumin har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, yana hango sunansa a allon tasha. Sai da suka yi nisa suka iso wani dogon gangare, a ƙasansa 'yar gada, a kan gadar garken shanu sun cika ta maƙil.

"Rage," in ji Baba Audu.

Ya taka.

"Na ce ka rage."

"Na taka, Baba."

"To mi ya hana ta tsaya?"

"Nima shi nika tunani. Duba, ko motsi bai yi ba."

"Ja na hannu."

"Wayarshi na gida, matata Maijidda na shanya da ita."

Na baya suka fara salati. Mai kaji ya saki kaji ya riƙe wuyan na kusa da shi. Mutumin ya miƙe tsaye a kan birki da ƙafa biyu, kansa na dukan rufi. Bafulatanin da ke gada ya ɗaga sanda yana tsayar da su, da ya ga ba alamar shawara sai ya haye bayan saniya.

Baba Audu ya cafke sitiyari ya murɗa. Motar ta bar titi, ta ratsa karan dawa, ta gangara cikin rafin da ya ƙafe. Tayoyi suka nutse a yashi. Ta tsaya cak.

Kaji na ta kuka.

Da numfashi ya dawo, dattijo ya fito ba hula, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya zagaya ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Ya miƙe a hankali.

"Wa ya buga ƙusoshin ga?"

"Ta hwarko Muhtari. Sauran ukun aikina na," ya faɗa yana gyara wuyan riga.

"Ka toshe wa mai hanya huɗu duka. To in ka taka, ina za shi tahi? Wa za shi gaya wa taya ta tsaya?"

"Amma Baba, ko ɗigo bai zuba ba."

"Rayukanmu suka kusa zuba. Layin Shinkafi kuwa, in dai ina tashar ga, ba ka ganin shi. Motar da ba ta tsayawa, ina za ka sauke mutane?"

Mutumin ya dubi tayoyin da suka lume har rabi. Ya ɗebi yashin a hannu, ya murza shi, fuskarsa ta washe.

"Haba Baba, ga ta nan ta tsaya a gabanka. Ku dai ku zuba tifa ɗaiɗai na wanga a kowace tasha."