Yadda Tsintsiyar Goggo Ta Share Mana Tallafi

Jama'a, ku taya ni murna. Yau da hantsi na je ofishin masu rabon tallafin gyaran unguwanni don in ji labarin siminti, na dawo da takardar yabo a hammata, har da gilashinta. Wai layinmu ya fi kowane layi tsafta. Tun a mota nake jujjuya ta ina neman ta inda za ta tare ruwa, ban gano ba.

Ga yadda aka yi. Kwalbatin bakin layinmu ya rufta tun bara waccan. Duk ruwan da ya sauka, maimakon ya bi kwata ya wuce, sai ya zo ya yi zaune a gindin katangar gidana. Yanzu ta karkace kamar mai leƙen maƙwabta, kuma ɗakin yarana a jikinta yake. Da muka ji a rediyo cewa manya, Allah ya ƙara musu girma da sanyin ofis, sun ware tallafi ga duk unguwar da ta haɗa kanta, sai muka kafa kwamiti. Tela ya zama shugaba don shi ne mai riga mai guga, ni kuma sakatare tunda katangata ce.

Ba zan gajiyar da ku da labarin zirga-zirga ba. Aka ce mu kawo tsarin mulkin ƙungiya, muka kawo. Aka ce hoton kwalbatin, muka kai, aka ce ai babu shugaba a tsaye a gefensa yana nuna ramin da yatsa. Mai sa hannu kuwa kullum "yanzun nan ya fita", har na soma zargin ta taga yake shiga aiki. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. Ran nan aka aiko cewa Ranka-ya-daɗe Babban Mai Duba Wahalar Jama'a zai zo ya gani da idonsa.

A nan Goggo ta shigo maganar. Ita ta karɓi haihuwar rabin mutanen layin, don haka ba a ja da ita.

"Baƙo zai zo, babban mutum, ku tarbe shi cikin wannan ƙazantar? Ba da ni ba!"

Na ce, "Goggo, ai ƙazantar zai zo gani."

"Rufe min baki, ɗan nan. Talauci daban, ƙazanta daban."

Wallahi aikin da muka yi shekaru muna tura wa juna, kafin azahar an gama shi. Maza suka yashe kwata, mata suka share layi har ana iya shanya a ƙasa. Kafinta ya jera katako a kan ramin, Tela ya ɗauko dardumar ɗakinsa ya shimfiɗa a kai. Maiɗakina, wadda ta fi kowa kukan katangar nan, ita ce ta sa aka tokare ta da gungume, aka shafe ta da farar ƙasa, ta rataya labulen aurenmu ta rufe tsagar. Na tsaya ina kallo cike da takaici.

Ranka-ya-daɗe ya iso da tawagarsa, aka ajiye masa kujerar aro a tsakiyar darduma, aka miƙa masa lemo mai sanyi. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya yi murmushi.

"Madalla da ku! To ina matsalar take?"

Tela ya russuna. "Ranka ya daɗe, a kanta kake zaune."

Na sunkuya zan ɗaga gefen dardumar, Goggo ta make min hannu. "A gaban baƙo? Ba ka da kunya?"

Shi kuwa bawan Allah, mutum mai gaskiya, ya ce shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa. Ya shanye lemonsa, ya sa mana albarka, ya shiga mota.

To yau akawun ofishin yake shaida min cewa tallafin ya tafi layin bayanmu. Su ba su share komai ba, malalata, har takalmin Ranka-ya-daɗe ya maƙale a taɓonsu sai da aka ciro masa da sanda. Ka ga masu rabo.

Na ce, "Yallaɓai, katangata fa?"

"Ta faɗi ne?"

"Tukuna dai."

"To ai da sauranka. Akwai wani tallafin na waɗanda gini ya rufta wa, shi ya fi saurin fitowa. In ta faɗi ka dawo."

Na yi masa godiya, don an ce bakin da ya ci shi ke godiya, ni kuwa na ci yabo na ƙoshi. Goggo ta karɓe takardar ta ce a ɗakinta za ta zauna. Tela yana neman dardumarsa, Kafinta yana neman katakonsa, ga hadari ya fara haɗuwa. Na kwashe yara da katifunsu na mayar falo, tsoro nake ji ba wasa ba.

Abin da ya rage min addu'a ce, ita ma ta gagare ni. Na ɗaga hannu ɗazu na rasa me zan roƙa, katangar ta tsaya ne ko ta faɗi. Duk wanda ya san wanne ya fi alheri a wurin hukuma, don Allah ya roƙa min shi.