Memorin da Ya Kwana Uku a Hular Baba

Ba zan taɓa mantawa da makon nan ba, ko da na so. Lokacin ina aiki a wani ofishin raba irin auduga a Gusau, jihar ma ba ta daɗe da samuwa ba. Ni ne "injiniya" (kwas ɗin wata shida na yi a Kaduna, kada ka tambaye ni takarda).

Uwar kwamfutocinmu, wadda sunayen manoma ke ciki, ta ishe mu. Ka buɗe jerin Tsafe ta yi tsaye, ka buɗe na Bungudu ta sume. Ga damina ta ƙarato, mutanen Nahuce da Furfuri kullum suna zaune a baranda suna jiran iri.

Na ce wa Alhaji, shugabanmu: "Tsohuwar manhajar ce matsala, bit goma sha shida gare ta. Sai mun koma mai talatin da biyu, ita ke iya jan babban memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta." Bai gane komai ba, amma ya yarda da ni. Aka sayo memorin, 'yan alluna biyu kamar matsefi. Tsoron kada su yi ƙafa, na naɗe su a takarda na ba Baba maigadi ajiya.

Kwana uku ina cusa faifan sabuwar manhaja ina zarowa. Nepa ta ɗauke, in sake daga farko. Na gaji, wallahi, har ƙashina.

Ran Alhamis Alhaji ya tara mutane, aka raba goro, liman ya yi addu'a. Na gyara hula, na danna jerin Bungudu.

Ta sume. Kamar jiya.

Ina gumi ina zagin Turawan da suka yi manhajar, sai ga Baba ya kutso ya cire hularsa a gaban kowa, ya zaro ƙunshin takardar nan daga ciki.

"Malam, ga ajiyarka. Ba ka tambaya ba, ni kuma amana ba a buɗe ta."

Alhaji ya dubi takardar, ya dube ni. "Injiniya, wannan fa?"

Minti biyar ya ɗauke ni in sa su, kwamfuta ta farfaɗo. Minti biyar! Manoma kuwa kwana uku suka yi asara saboda ni, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Tun daga ranar, kafin in zagi Bature, sai na fara leƙa hular Baba.