Rasuwar Gwaggo, Na'urar Faifan Shagon Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da har yanzu suke ɗagawa sama suna neman ɗan koren haskenta, iyalan Mai Aski na bakin layi suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da duk wanda ya taɓa miƙa ƙeyarsa a wannan shago, rasuwar na'urarsu ta kallon faifai, wadda aka fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, shago cike da masu jiran layi, bayan doguwar jinya. Ta rasu a bakin aiki, da faifai a cikinta.

Marigayiyar ta zo shagon tana sabuwa fil a kwalinta, a zamanin da Mai Aski yake da gashi a ka da mata a gida. Aka kafa mata 'yar kanta a saman madubi, tsakanin gwangwanin hoda da kwalbar man gashi, aka lulluɓa mata ɗan ƙyallen da maman yara ta yi wa ado a baki. Masu zuwa aski ne suka raɗa mata Gwaggo, saboda ba ta taɓa fara aiki ba tare da mita ba. Sai ta yi gyaran murya, ƙirrr, ta zaro harshenta, wato ɗan tiren da ake ɗora faifai, ta haɗiye abin da aka ba ta, ta yi tak, tak, zuuu, kamar tana shawarar ko za ta yi ko ba za ta yi ba. Daga nan kuma sai ta yi.

An shaide ta da wadatar zuci. Ba ta taɓa neman data ba, ba ta san ana rasa sabis a duniya ba. Ba ta taɓa katse waƙa a tsakiya ta sako tallan sabulu ba, ba ta tambayi kowa lambar sirri ba, ba ta kuma taɓa wayar gari ta ce abin da aka kalla jiya yau an ɗauke shi ba. In an ɗauke wuta ta kwanta, in an kawo ta tashi ta faro daga farko, ko a jikinta.

Aibinta ɗaya ne, shi ma ba nata ba ne, na ubangidanta ne: kusan faifai ɗaya ta sani. Shi ne na babban wasan mawaƙiyar nan da ake wa laƙabi da Mai Jan Takalmi, wanda aka ɗauka a lokacin da tauraronta yake haskawa, ta cika ƙaton zaure har ana rataye a taga. Akwai wasu fayafayan a durowa, amma ƙura ce abokiyar hirarsu. Yaran da aka yi wa askin farko suna kuka a gaban wannan wasa sun girma, sun kawo nasu 'ya'yan sun yi kuka a gabansa. Mutanen layin da ba su taɓa son mawaƙiyar ba duk sun haddace waƙoƙinta dole.

Duk wanda ya san shagon ya san dokarsa. Akwai wata waƙa mai sanyi a tsakiyar wasan, inda mawaƙiyar take miƙa wa jama'a abin magana su yi mata amshi. Da an iso nan, Mai Aski yake kashe kilifa. Ko da rabin kanka a aske, rabi daji, ko kana sauri za ka ɗaurin aure, sai ka jira. Kyamara za ta juya kan 'yan kallo, a gefen hoto kuma a ga wani saurayi siriri mai tulin gashi kamar an kifa masa kwando. Wannan saurayi shi ne Mai Aski, wanda yau in ya tsaya a ƙarƙashin fitila sai ka iya duba haƙoranka a tsakar kansa.

Jama'a sun ɗauka gashin yake wa ta'aziyya, shi kuma bai taɓa musa musu ba.

"Oga, ga marigayi can," in ji direban da yake zuwa duk ƙarshen mako. "A ba shi minti ɗaya na shiru."

Mai Aski ya kan yi murmushi ya shafa sanƙo, amma kunnensa ba ya wurinsu. Domin a daidai nan, kafin zauren ya ɗauki amshi, akwai wata murya ɗaya da take riga kowa shigowa. Muryar mace ce, ƙatuwa, a karkace, ta bar karin waƙar a gabas ta nufi yamma da iyakar ƙarfinta. Har mawaƙiyar ta kasa daurewa, ta tuntsire da dariya ta nuna wajen da yatsa, sannan jama'a suka shigo suka rufe. Mai muryar ba ta fito a hoto ba, sai gefen mayafinta a kafaɗar saurayin nan mai gashi. Maman yara ce, suna amarci. Allah bai ba ta muryar waƙa ba, bai kuma ba ta kunyar rashinta ba. Ta yi shekaru tana wanke-wanke da wannan murya, maƙwabta suna rufe taga, har ranar da gidan ya yi tsit, Allah ya jiƙanta. Ba ta bar muryarta a waya ba, ba ta bar ta a kaset ba. A wannan faifan kaɗai ta rage, kuma tsawon numfashi ɗaya ne.

Yawan maimaici ya sa faifan ya samu tabo a daidai wurin. Amma Gwaggo tare suka tsufa da tabon, ta san shi. In ta iso, sai ta yi ƙit, ƙit, hoton ya ɗan daskare, ta lallaɓa ta tsallake da muryar a hannunta ba ta zubar ba. Wannan shi ne babban aikin marigayiyar a duniya, kuma mutum ɗaya ne ya san tana yin sa.

Ta ga jarrabawa a ƙarshen rayuwarta. Babban ɗan gidan, wanda ƙannensa suke kira Yaya, ya gaji da ganin mahaifinsa yana goge faifai da gefen riga yana hura masa iska. Ya sayo ƙatuwar talabijin mai shiga intanet, ya kafa a bango, ya yi rajista da masu haska finafinai. Wasan Mai Jan Takalmi yana nan a ciki, an sake wanke shi, an gyara sauti, har zufar goshinta ana gani.

"Baba, ka huta da wahala," in ji Yaya. "Ga shi nan garau, ba tabo, ba mita. Sabo ne kawai yake damunka."

Mai Aski ya zauna a kujerar aski, abin da ba ya yi, ya kalla. Zoben nan mai juyawa a fuskar talabijin kafin hoto ya buɗe ya yi juyinsa, waƙar ta zo, mawaƙiyar ta miƙa abin magana. Sai zauren ya ɗauki amshi gaba ɗaya, tsaf, kamar 'yan makaranta ranar baƙi. Babu wanda ya riga wani. Dariyar mawaƙiyar ma an yanke, an sa hoton mai ganga a gurbinta. Wani gwani a wani ɗaki mai sanyi ya ji muryar maman yara ya ɗauka datti ne, ya share. Garin neman gira, an rasa ido.

"Ya ka gani, Baba?"

"Ya yi kyau," in ji Mai Aski. "Sun gyara abin da bai lalace ba."

Yaya ya ɗauka zancen gashin ne, ya yi dariya. Auta ce kaɗai ba ta yi ba. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aiki a kantin magani na bayan layi, ta kan leƙo da rana ta kawo masa abinci. Ita ta gaji muryar uwarta kaf, har malamin waƙa a makaranta ya taɓa roƙonta ta riƙa motsa baki kawai. Tun daga lokacin ba ta ƙara waƙa a gaban mutane ba. Ta dubi talabijin, ta dubi mahaifinta, ta ɗauki kwanonta ta fita. Washegari Gwaggo ta koma bakin aiki, sabuwar talabijin ta zama mai haska mata hoto kawai.

Jinyar ta fara ne da harshe. Sai an sa bayan cokali an taimaka mata kafin ta zaro shi. Daga baya sai an ɗan mare ta a gefe, marin ƙauna, kafin ta tuna aikinta. Sannan ruɗewar tsufa ta shigo: faifai yana cikinta, amma ta rubuta a goshinta cewa babu faifai, ta kafe a kan haka. An shafa wa faifan man goge baki bisa shawarar direba. An hura mata iska, an sa mata fanka, an ɗaga mata ƙafafun gaba da kwalin ashana. Ciwon ajali dai ba ya jin magani. Ranar Asabar ɗin ta haɗiye faifan, ta yi tak, ta yi tak, ba ta kai ga zuuu ba. Koren hasken ya dushe, aka ji ɗan ƙauri. Mai Aski ya tsaya da kilifa tana kuka a hannunsa, har sai da mai rabin kai ya ce, "Oga, lafiya?"

An garzaya da ita wurin mai gyara na ƙarshen titi, wanda ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana yaron shago. Ya kwance ta, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Baba, wannan sai haƙuri. Kayanta ma an daina yi. Faifan dai zan ciro maka shi lafiya."

Ya kuwa ciro shi lafiya. Aka shiga neman aro gida gida. Telan layin ya zaƙulo tasa na'urar daga ƙarƙashin gado, mai kantin kusa ya kawo ta surukarsa, Yaya da kansa ya zo da kwamfutar ofis, don zuwa lokacin Auta ta ja shi gefe ta gaya masa muryar wa take cikin faifan. Kowace ta karanta faifan tiryan-tiryan har zuwa waƙar. Da sun iso tabon sai su yi tsalle, su dira a tsakiyar tafi. Ba wadda ta san hanyar da Gwaggo take bi.

Mai Aski bai yi kuka a gaban kowa ba, amma ya ji ciwo, ciwo sosai. Ya ce wa tela ji yake kamar an sake yi masa rasuwar. Kwanaki ya yi yana aski ba ya kashe kilifa, kowa yana tashi da kansa a gyare a kan lokaci, kuma babu wanda ya ji daɗin hakan.

Ana cikin haka wata rana da azahar, direba ya roƙa a kunna wasan ko na intanet ɗin ne, shirun ya yi yawa. Auta ta shigo da kwano, ta ba su baya tana neman wurin ajiyewa a cikin tarkacen kanta. Waƙar ta zo, mawaƙiyar ta miƙa abin magana. Kafin zauren ya buɗe baki, wata murya ta riga shi daga wajen madubi, ƙatuwa, a karkace, ta nufi yamma da iyakar ƙarfinta. Ko ta manta da mutane ne, ko da gangan ta yi, har yau ba ta faɗa ba. Direba ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya ji kilifa ta mutu a bayan kunnensa. Ya dubi fuskar Mai Aski ta madubi, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Marigayiyar ta rasu ta bar rimot ɗaya, wanda har yau yana cikin ledar da aka naɗe shi da ita ranar da aka saye shi, maɓallin tsayarwa ya goge. Ta bar wayoyi uku, ja da fara da rawaya, waɗanda ba a taɓa sa su daidai a karon farko ba. Ta bar ƙyallen lulluɓi, da cokalin jinya, da fayafayan durowa da ba su san ta sosai ba. Ta bar faifai ɗaya mai tabo, da Mai Aski.

Game da jana'iza, iyalai suna sanar da cewa ba za a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa gawar ba, don haka mai kurar ƙarafan da yake ta zagaye shagon ya huta. Za a mayar da ita kantarta a saman madubi, faifan a kanta, ƙyallen a kansu duka. Za a karɓi gaisuwa a shagon ranar Asabar mai zuwa da hantsi. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar sabuwar manhaja, kada kuma a tayar da zancen gashi, an yafe wa direba sau ɗaya kawai.

Za a haska wasan daga intanet, tunda shi ya rage. In an iso waƙar, za a kashe kilifa kamar yadda aka saba, wanda abin ya same shi da rabin kai ya yi haƙuri. Auta ce za ta riga kowa shigowa. Mai Aski yana roƙon jama'a, don girman Allah, kada kowa ya gyara mata.