Yadda Muka Aika Sallau Majalisa

A garinmu Rafin Kanya, a gidan da ke bayan injin niƙa, akwai wani mutum da ake kira Sallau. Manomin albasa ne, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya fashin jam'i. Yana zaune da matarsa Tabawa, da mahaifiyarsa Inna Kulu, da 'ya'yansa mata biyu, sai jaki guda mai tsage a kunne. Aibin Sallau ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Tabawa ta taɓa ce masa ya duba mata tuwo za ta shiga maƙwabta. Ta dawo ta tarar da shi tsugune gaban tukunya, tuwo ya zama gawayi.

Ya ce, "Na duba shi tun yana fari har ya yi baƙi. Ko ƙiftawa ban yi ba."

To, da shekarar zaɓe ta zo, sai manyan garinmu biyu, Alhaji Gwadabe mai takin zamani da Alhaji Tsoho mai motoci, suka shiga kokawa kan wanda zai tafi majalisar dokokin jiha. Aka yi sulhu har aka gaji. Daga ƙarshe jam'iyya ta ce duk su haƙura, a kawo wani na uku. Kowannensu ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: sai dai mutumin da zai yi abin da aka ce masa. Muka dubi juna. Duk faɗin mazaɓar nan babu mai yin abin da aka ce masa kamar Sallau. Mu ɗin nan da muke ganin kanmu masu wayo, mu muka yi layi cikin rana muka dangwala masa.

Wata rana, ranar zamansa na farko ke nan, Akawun Majalisa Malam Hashimu ya tara sababbin wakilai yana koya musu ladabin zauren majalisa. Ya ce, "Da zarar Kakaki ya shigo, kowa ya miƙe." Sallau ya riƙe wannan a ransa. Can aka buɗe ƙofa, sajen majalisa ya shigo saɓe da sanda mai ruwan zinare, wani mai babbar riga yana biye da shi. Kowa ya miƙe, ban da Sallau. Yana zaune yana leƙen ƙofa, yana jiran ya ga dogon kakaki irin wanda ake busawa ranar biki.

Mai babbar rigar ya hau kujerarsa, ya dubi ƙasa ya ce, "Wakilin Rafin Kanya, ƙafa ce ke ciwo?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Kakaki nake jira."

"Ai ni ne Kakakin."

Sallau ya zabura ya miƙe, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ikon Allah! To, ranka ya daɗe, wa ke busa ka?"

Sai can ɓangaren marasa rinjaye wani ya shaƙe da dariya har aka miƙa masa ruwa. Kakaki ya buga guduma sau uku.

Wata rana kuma, Shugaban Masu Rinjaye, Onarabul Namadi, wani ƙato mai tumbi, ya ja Sallau gefe ya ce, "Gobe zan gabatar da ƙuduri kan gyaran kasuwanni. Ina gamawa, kai za ka goya min baya. Ka ji?"

Sallau ya dubi tumbin, ya haɗiye yawu, ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Allah Ya ba ni iko."

Ya bugo wa Tabawa waya ya ce ta ba direban motar kasuwa zanenta mafi ƙwari ya taho masa da shi.

Ta ce, "Maigida, me za ka yi da zane a majalisa?"

Ya ce, "Aikin gwamnati ne."

Washegari Namadi ya miƙe ya yi bayaninsa. Kakaki ya ce, "Wa zai goya masa baya?" Sallau ya taso da zane a kafaɗa, ya zagaya gaban Namadi, ya durƙusa, ya cafki ƙafafunsa ya sunkuce shi. Mutumin da ya saba ɗaukar buhun albasa ba ya jin nauyin ɗan majalisa. Hular Namadi ta faɗi, takalminsa ɗaya ya yi tsalle ya sauka kan teburin akawu, yana ta ihu, "Sauke ni! Kai, sauke ni!"

Sallau yana nishi ya ce, "Mai girma Kakaki, na goya. Ina zan kai shi?"

Malam Hashimu ya ture takalmin gefe, ya rubuta a littafin zama cewa ƙuduri ya samu goyon baya. Da labarin ya iso gida, mun yi kwana uku ba ma son a tambaye mu daga wane gari muke. A tasha sai mu ce daga wajen Rafin Kanya, can gaba kaɗan.

Wata rana dattawan gari suka yi takakkiya har birni wajensa. Liman ya rage murya ya ce, "Sallau, akwai masu neman kujerar nan taka ido rufe. Ka riƙe ta da kyau, kada ka bari ta kuɓuce maka."

Ran Alhamis bayan an tashi, Sallau ya aro sifana wajen mai facin taya, ya kwance kujerarsa daga daɓen zaure, ya ɗora a ka. Mai gadi ya tare shi, Sallau ya ce masa tasa ce, ga sunansa a jiki, kuma Liman ne ya ce. Ya ɗaure ta a bayan a-kori-kura sai Rafin Kanya.

Da a ce mu masu hankali ne, da mun ce ya mayar. Ina! Layi muka yi a ƙofar gidansa. Kujera ce mai laushi, mai juyawa. Mai unguwa ya zauna ya juya sau biyu. Alhaji Gwadabe da Alhaji Tsoho suka kusa dambe kan wanda zai fara zama. Shi kansa Liman ya ɗan ɗosana, ya ce gwadawa kawai yake yi. Inna Kulu ce kaɗai ta ƙi, ta ce ita tabarmarta ba ta taɓa sa ta jiri ba. Ran Litinin sajen majalisa ya zo da 'yan sanda biyu karɓar kayan gwamnati, ya tarar da mai shayi a kai ana ɗaukarsa hoto.

Wata rana aka sa shi cikin kwamitin kasuwanni, wanda Hajiya Saude ke shugabanta. Ta ce wa 'yan kwamiti, "Jibi ne ranar sauraron ra'ayin jama'a, kada wanda ya makara." A wani otal mai sanyi aka shirya taron, aka gayyaci daraktoci da shugabannin ƙungiyoyi, aka yi jawabai, aka ci kaji. Kujerar Sallau babu kowa. Shi tun da sassafe yana babbar kasuwa, ya tuɓe babbar riga, yana bin rumfa rumfa yana cewa, "An aiko ni sauraro. Mene ne ra'ayinku?"

Washegari Hajiya Saude ta tsare shi gaban 'yan kwamiti. "Onarabul, ina ka shiga jiya?"

"Wajen jama'a, Hajiya. Na yi ta dubawa ban gan ku ba."

"To, me jama'ar suka ce?"

Ya gyara tsayuwa. "Mai tumatir ta ce magudanar ruwa ta toshe tun bara, kuma Allah Ya isa. Mahauta sun ce babu famfo a mayanka, su ma Allah Ya isa. Wani tela ya ce ku dukanku ba ya gane fuskarku sai a fastar zaɓe. Wani mai goro kuma ya ce duk majalisar nan babu sakarai kamar wakilin Rafin Kanya, amma waɗanda suka zaɓe shi sun fi shi. Na ce masa zan isar."

Ya kuwa isar. Da ya zo gida ran Juma'a, a ƙofar masallaci ya tsaya ya isar mana da namu kason.

Wata rana, ana saura kwana ɗaya majalisa ta tafi hutu, aka kawo wani ƙuduri mai suna Dokar Inganta Fadamu. Daga sama ya zo da gaggawa, aka bi da shi matakai cikin mako guda, yau ga shi a matakin ƙarshe, wanda ake kira karatu na uku. Kowa ya ƙosa, direbobi sun riga sun tayar da motoci. Malam Hashimu ya miƙe ya karanta sunan ƙudurin, layi biyu, ya zauna, kamar yadda aka saba.

Kakaki ya ce, "An yi karatu na uku. Saura ƙuri'a."

Sallau ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ban ji karatun ba."

"Yanzu aka yi shi a gabanka."

"Shafi arba'in da biyu ne a hannuna, ranka ya daɗe. Layi biyu na ji."

Aka fashe da dariya. Kakaki ya dubi agogo, ya dubi 'yan jarida da ke zaune a bene, ya ce cikin gatse, "To, malamin karatu, sai ka karanta mana."

Ai kuwa ya miƙe. Sallau a aji shida na firamare ya tsaya, karatunsa da yatsa yake yi, kalma bayan kalma, in ya yi tuntuɓe ya koma farkon layi. Namadi ya yi wuf ya ce a dakatar da shi. Shugaban Marasa Rinjaye, don neman magana kawai, ya ce Kakaki ne da bakinsa ya ba shi dama, kuma akawu ya rubuta. Dole aka bar shi.

Shafi na biyar, masu dariya suka gaji. Shafi na goma sha biyu, aka fara hamma. Shafi na ashirin, Namadi na minshari. Sallau gumi ya jiƙa masa wuyan riga, amma an ce ya karanta. La'asar ta gota ya kai shafi na talatin da ɗaya.

"Sa-she na sit-tin. Za a miƙa du-kan fadamun da aka lissafa a ƙasa ga kam-fa-nin da hukuma ta zaɓa, na tsawon shekara ca-sa'in da tara, kuma manoman da ke ciki za su tashi cikin kwana casa'in. Fadamar Rafin Kanya."

Ya tsaya. Nan gonarsa take, nan ta ubansa take, nan duk garinmu ke cin abinci da rani. Amma ba a ce ya yi sharhi ba, karatu aka ce. Ya share gumi ya ci gaba.

"Fadamar Gidan Ƙwarya."

Namadi ya buɗe ido. "Wace? Garinmu ke nan!"

"Fadamar Tungar Saude."

Hajiya Saude ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi! Gonar kakata!"

"Fadamar Dogon Marke."

Wannan kuwa mahaifar Kakaki ce. Ya cire tabarau, ya jawo nasa kwafin, wanda ko buɗe shi ba a taɓa yi ba, ya shiga neman shafi na talatin da ɗaya. Zaure ya cika da ƙarar takardu. Wakilai talatin, kowa na lasar yatsa yana buɗawa, kowa na neman sunan garinsu, kuma kusan kowa ya samu.

Kakaki ya dubi Namadi. "Kai ka gabatar da wannan. Ba ka karanta ba?"

Namadi ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauka kwamiti ya karanta."

Shugaban kwamitin noma ya ce shi ya ɗauka akawu ya karanta. Malam Hashimu ya ce shi aikinsa layi biyu ne, kuma ya yi.

Sallau dai bai daina ba, ya shiga sashe na sittin da ɗaya. Kakaki ya buga guduma ya ce, "Ya isa, Onarabul, zauna. Masu goyon baya su ce e." Ba a ji ko tari ba. "Waɗanda ba su yarda ba su ce a'a." Sai da gilashin taga ya amsa.

Kafin ya iso gida rediyo ta riga shi. Muka tare shi tun daga gada da kiɗa da guɗa. Alhaji Gwadabe na cewa shi ya fara hango basirar mutumin nan, Alhaji Tsoho na cewa ƙarya ne, shi ne. Mu kuma muna gaya wa baƙi cewa dama mun san abin da muke yi.

Shi kuwa gogan fuskarsa ba walwala. Ya shige gida, ya ƙi taɓa abinci. Inna Kulu ta zauna kusa da shi ta ce, "Sallau, ka ceci fadama, gari na murna, kai me ke damunka?"

Ya zaro takardun daga aljihu, duk sun yi laushi da gumi. Ya ce, "Inna, shafi arba'in da biyu aka ba ni. Saura goma sha ɗaya."

Ta dube shi. Sannan ta gyara zama kan tabarma, ta kira Tabawa da yaran, ta ce a rufe ƙofar zaure saboda hayaniyarmu.

Ta ce, "To, karanta. Muna ji."