Rasuwar Tsohuwa Mai Faifai Huɗu, da Wasiyyar da Ta Bari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ake sanar da ma'aikatan wannan ɗakin karatu, da masu zuwa aron littafi, da masu zuwa shan iskar fanka kawai, rasuwar Tsohuwa, babbar kwamfutar ajiya ta gidan nan, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakin baya, bayan shekara goma sha ɗaya tana aiki ba hutu.

Kafin a yi nisa, mai wannan sanarwa tana neman afuwa. Ita ce yarinyar nan mai tabarau da ke zama bakin taga tana ɗaukar hoton shafukan tsofaffin littattafai, wadda in an gaishe ta sai ta amsa tana kallon takalminta. Ba ta taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, kuma ta san akwai manya a gidan nan da suka fi ta iya riƙe alƙalami. Kusan sati biyu ta yi tana jiran ɗayansu ya yi wa marigayiyar wannan karamci, ba wanda ya motsa. In an ga kuskure a yafe.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Kowace safiya takan gaida mutane da "tit" guda ɗaya tak, ta ɗan yi gyaran murya, "ƙir-ƙir-ƙirrr", sannan ta kama gunjinta mai sanyi har yamma. An ɗora mata butar shayi a ka, an jingina mata tsintsiya, an mayar da bayanta wurin shanya safa ranar ruwan sama, ba ta taɓa kai ƙara ba. A cikinta yarinyar ta zuba aikin shekara uku: jaridun da gara ta fara ci, littattafan da masu su suka ba da aro suka karɓe abinsu, da wasu takardun da suka ruɓe a hannu ana gama ɗaukar hotonsu. Waɗannan ba su da wani gida a duniya sai cikin Tsohuwa.

Ta rasu ta bar faifai huɗu, 'yan uwa ciki ɗaya. Halinsu shi ne kowane shafi da aka ba uwarsu sai ta gutsuttsura shi ta raba musu, don haka ba wanda ke iya magana shi kaɗai, kuma dole su zauna a jere, daga babban wa zuwa auta. Sanin haka ne ya sa yarinyar ta liƙa wa kowa salatif a goshi tun shekarar farko, ta rubuta ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta kuma bar na'urar ɗaukar hoton shafi, aminiyarta, da firintar ofis wadda ba su taɓa jituwa ba, da marainiya guda mai tabarau.

Za a ji ana cewa tsufa ne ya kashe ta. Ƙarya ne. Lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi ba. Abin da ya faru shi ne an sayo sabuwar kwamfutar ajiya, baƙa mai sheƙi, aka ce a mayar da faifan cikinta. Aka damƙa aikin a hannun Injiniya, ƙanin matar Shugaba, wanda har yau ba a samu mai rai da ya ga takardar injiniyancinsa ba, sai dai tarin makullai a ƙugu da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ya ce aikin rabin awa ne. Sau uku yarinyar ta tattaro ƙarfin hali ta roƙe shi a fara kwafe komai a wani wuri daban. A na ukun ya yi dariya har da dafa bango.

"Ƙanwata, faifai huɗu ai kwafi huɗu ne. Je ki ci gaba da shafa takardunki."

Ta tafi. Daga bakin taga ta ji muryar Tsohuwa ta ƙarshe, wani dogon "fiuuu" da ya yi ƙasa-ƙasa ya ɗauke. Da ta kasa daurewa ta leƙo, ta tarar da cikin marigayiya a buɗe, 'ya'yanta an cusa su cikin baƙuwar yadda hannu ya kama, goshinsu fes ba salatif. Baƙuwar ta fito da wata doguwar tambaya da Turanci. Injiniya bai karanta ba, don karatu na ƙananan ma'aikata ne, ya danna mata e. Ashe tambayar ita ce ko a share musu kai su fara sabuwar rayuwa.

Kafin azahar ya riga ya isa ofishin surukinsa da labari. Wai tun satin da ya wuce ya umarci yarinyar ta sa wa faifan lamba, ta yi kunnen ƙashi, ga abin da sakacinta ya jawo. Aka kira ta. Ta tsaya tana kallon takalminta. Shugaba ya cire hularsa ya ajiye a tebur ya ce, "'Yata, ban zaci haka daga gare ki ba." Aka sa ranar Litinin ta sama kwamiti zai zauna a kan ko za ta ci gaba da aiki.

A gida Umma ta ce ta je ta ba da haƙuri ko ba ta yi ba, don ba a ja da ƙanin matar mai gida. Yayanta ya ce a nuna masa motar mutumin kawai, shi ya san yadda ake yi da tayoyi huɗu tunda lissafin huɗu ne ya dame shi. Ita dai ta shiga banɗaki ta saki famfo don kada a ji ta.

Allah ya saka wa mai gyaran kwamfutar nan ta bayan tasha da alheri. Ta zo da jakarta, ta dubi faifan, ta dubi Injiniya daga sama har ƙasa, ta tambaya ko shi ne likitan. Ba ta taɓa komai ba sai da ta kwafe kowane faifai sukutum, ta ce ita a kan kwafi take fiɗa. Sannan ta shiga jera su tana sauyawa, wa ya koma ƙane, ƙane ya koma wa. Hanyoyin jera huɗu ashirin da huɗu ne, a ta goma sha bakwai suka yi magana. Sai dai rajistar sunaye ta tafi har abada. Fayil dubu sittin da biyu suka dawo tsirara, ba suna ba kwanan wata, sai lamba. Injiniya ya ba da shawarar mai laifi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta raɗa musu suna kafin a sallame ta. Aka karɓi shawarar.

Kwana tara tana buɗewa, idonta ya yi ja, wuyanta ya sage. A rana ta tara, lamba ta dubu arba'in da ɗari uku da sha takwas ta ƙi zama shafin jarida. Bidiyo ne. Ashe kyamarar da ke saman ƙofar ɗakin baya, wadda kowa ya ɗauka ta mutu tun da fitilarta ta ƙone, tana nan tana kallo, Tsohuwa kuma tana adanawa har numfashinta na ƙarshe. Ga Injiniya shi kaɗai. Ga shi yana ɓantare salatif da farce, ɗaya bayan ɗaya, yana yatsina fuska kamar ya taɓa ƙazanta. Ga shi yana manna su a ƙarƙashin tebur, yana goge goshin faifan da hankici, yana gyara kwala, yana ɗaukar kansa hoto a tsakanin tsohuwa da sabuwa, har sau uku, don biyun farko tumbinsa ya fito. Sai ya miƙa yatsa wajen makunni, hoton ya yanke. Yarinyar ta je ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin teburin. Suna nan su huɗu, da rubutun hannunta.

Wannan ita ce wasiyyar marigayiya, kuma za a cika ta.

Za a yi taron bankwana ranar Litinin da ƙarfe goma na safe a ɗakin taro, daidai lokacin da kwamiti zai zauna. An riga an karɓo aron majigi, an goge farin bango. An keɓe wa Injiniya kujerar gaba, ta tsakiya, wadda ba a fita daga cikinta sai an tashi mutum shida. Ana roƙon kada kowa ya taɓa teburin ɗakin baya, za a ɗauko shi a kife a gaban jama'a. Mai tunanin ɓatar da wasiyyar ya huta, tana wurare uku, ɗaya a ƙasan akwatin Umma, wadda ta kalla sau biyu ta janye maganar ba da haƙuri, ta ce ma za ta zo.

Bayan taro za a kwantar da gawar a kantar ƙasa ta ɗakin ajiya, a lulluɓe da zane mai tsabta. Ba za a sayar da ita ga masu sayen ƙarfe ba. Ana karɓar ta'aziyya a bakin taga. Wanda ya yi ajalinta ba sai ya wahalar da kansa ba, ba a shirya yafe masa ba tukuna, kuma akwai marayu dubu ashirin da ɗaya da 'yan kai da ke jiran mai raɗa musu suna.

An liƙa wannan takarda a allon sanarwa ne saboda shi kaɗai ne wurin da aka tabbata Injiniya ba zai karanta ba. Layin nan na ƙarshe a tsaye ake rubuta shi, a jikin allon, ga kuma ƙarar makullai nan tana hawo matakala. A yafe karkacewar rubutu. Ta bi ta ƙofar baya.