Titin da Na Shimfiɗa wa Baba a Falo

Jiya da hantsi duk wanda ya ga wani ƙato a bayan babur ya rungume kwamfuta kamar jaririn da za a kai asibiti, to ni ne. Da muka zo daidai ramin nan na bakin layinmu, wanda ya girmi 'yata ta fari, mai babur ya ce in riƙe da kyau. Na riƙe kwamfutar da kyau. Kaina ne ban riƙe ba. Na tashi gwiwa a ƙuje, wando a yage, ita kuwa ko ƙwarzane babu, don a kan tumbina ta sauka. A samana ga allon nan mai hoton Mai Girma Gwanin Almakashi, wanda bai taɓa ganin kirtani ya bar shi ba, yana murmushi, an rubuta cewa an kammala wannan titi. Na gaishe shi daga kwance, tunda ba a wuce babba ba gaisuwa.

Za ku ce me ya haɗa magidanci mai furfura a gemu da kwamfutar wasa. Mahaifina ne ya haɗa mu. Baba direban tirela ne tun kafin a haife ni. Bara likita ya duba idonsa na hagu da hawan jininsa, ya ce ya sauka daga mota. Ya sauka, amma sai ya koma zaman ƙofar gida. Abinci sai an yi da gaske, hira kuwa babu. In babbar mota ta wuce ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Ganin haka na saka masa wasan tuƙin tirela a kwamfutar da na saba rubuta muku surutaina da ita, na sayo sitiyarin roba da totur da birki, na ɗaure a jikin teburin falo. Ya dubi sitiyarin ya ce murfin tukunya ya fi shi mutunci. Washegari na same shi ya yi wanka, ya rataya tawul a wuya, yana gyara madubi. Tun daga ranar Baba ya dawo mana. Yana ba da sigina ko babu kowa a bayansa, yana zagin ƙananan motoci, in ya sauke kaya ya nemi abinci har da ƙari.

Ana cikin wannan jin daɗi masu wasan suka sabunta shi, tsohuwar kwamfutata ta fara ɗingishi. Tirela ta yi gaba ta ƙame, ta zabura ta sake ƙamewa. Wata rana gada ta ɓace Baba yana tsakiyarta.

"Kai Mai Biro," in ji shi, haka yake kirana, "in dai wannan jijjigar ce, ai ta gaske ta fi. Dogo na tasha ya ce akwai mota a ajiye ba direba. Zan leƙa shi."

Dogo tsohon abokin aikinsa ne, kuma ba ya faɗin abin da babu. Tsoro ya kama ni, ba na wasa ba. Mutumin da ba ya ganin wanda ya shigo ta hagunsa sai ya ji sallama, shi ne zai ja tirela cike da siminti a kan irin titunan da ake kammala mana.

Na bazama kasuwar kayan kwamfuta. Aka ce min abin da ke zana hoton wasa shi ne katin hoto, kuma nawa ya tsufa. Na zaɓi sabo kamar yadda manyanmu ke zaɓar aiki: wanda ya fi girma, ya fi walƙiya, maƙwabta za su gani. Fanka uku gare shi, ga fitilu masu sauya launi kamar shagon aski.

Da na kawo shi gida ya ƙi shiga akwatin. Maƙwabcina tela ya shigo da tef ɗinsa a wuya, ya auna katin, ya auna akwatin, ya ce in da wando ne da ya saka masa ƙari a gefe. Muka cire murfin gaba ɗaya muka tura shi da addu'a.

"Kada ka kunna tukuna," in ji tela. "Ba a ƙaddamar ba. Bari in ɗauko kirtani da almakashi, ka kira mai hoto."

Na kunna ban saurare shi ba. Jama'a, hoto ya yi kyau. Ana ganin ganyen bishiya ɗai-ɗai, ana ganin inuwar gajimare a kan gilashi. Tirela kuwa tana nan da ɗingishinta, sai dai yanzu cikin ado take yi.

"Wannan shi ake kira ci gaba," in ji tela. "Kamar fitilun da aka kafa mana a layi, da a ce suna kamawa da ka ga ramin sarai kafin ka faɗa. Ni shawarata a kafa kwamiti. Ni ne shugaba, kai sakatare, mu tafi ƙasar waje mu ga yadda tasu ke tafiya."

Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar rigarsa ta aiki ya ba matata ta goge masa. Abin da ya ɗora ni a babur ke nan jiya, zuwa wurin mai gyaran kwamfuta.

Mai gyara ya leƙa cikin akwatin, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Maigida, katin ba shi da laifi. Furosesa ce ta gaza, ƙwaƙwalwar kwamfutar ke nan. Ita ke cewa ga inda mota za ta bi, ga abin da zai fito a gaba, sannan kati ya zana. Naka katin yana gama aikinsa ya tsaya jiran umarni, ita kuwa tana can tana haki."

"Wato na kawo ɗan kwangila da sababbin motocin aiki, amma Mai Girma Darakta bai shigo ofis ba."

"Ya shigo. Barci yake yi."

Na ce to a ba ni furosesar da ta fi kowacce girma. Ya ce in ina so zai sayar min, shi ba ya faɗa da ciniki, amma sai in sani ita ma zaman jiran kati za ta yi, tana shan wuta tana fitar da zafi, ba aikin fari. Irin waɗannan ma mun san su, kowace ma'aikata akwai ɗaya a bene na sama. Abin da ake nema, in ji shi, biyun su zama sa'o'in juna, kada wani ya jira wani. Ya ɗauko wata matsakaiciya, ba fitila, ba ado, faɗinta bai wuce biskit ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Sabuwar furosesar ta ƙi zama a gurbin tsohuwar, ƙafafunta daban ne, sai an canza allon da komai ke kai. Ban yi mamaki ba. Wane sabon shugaba kuka taɓa gani ya zauna a kujerar wanda ya gada? Allon ya zo da nasa sharaɗin, akwatin wuta shi ma ya ce ba zai iya ciyar da waɗannan manyan baƙi ba. Da muka gama, abin da ya rage na tsohuwar kwamfutata sukurori ne da ƙura. A ƙafa na dawo gida, na zagaye ramin, na sake gai da Mai Girma.

Da la'asar Baba ya zauna, rigar aikin tana jikinsa a goge, fuska a ɗaure. Ya tayar da mota. Ta tafi sumul, ba tsayawa, ba zabura. Sai ga shi yana karkata sitiyari hagu da dama a kan titi lafiyayye. Na ce Baba lafiya? Ya ce hannunsa ne ke kauce wa ramuka, bai saba tafiya miƙe ba. Da ya hango wata gada ya rage gudu ya kai hannu aljihu, ya wuce bai ga shinge ba, bai ga mai tsayar da shi ba, ya waiwaya har sau biyu.

Can sai ga gidan mai, fitilu a kunne, babu layi. Baba ya shiga a hankali kamar mai tsoron tarko. Ya cika tanki. Ya fita, ya zagayo, ya sake shiga. Tankin a cike yake, amma ya tsaya a gaban famfon yana dariya har tawul ya faɗi daga wuyansa. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin likita ya yi magana, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na juya baya na share ido.

Wayarsa ta yi ƙara. Dogo ne, ina jin muryarsa daga inda nake, yana cewa an yi lodi, gobe da sassafe za a tashi.

"Dogo, ka nemi wani," in ji Baba. "Ina kan hanya, kuma irin hanyar nan ba a sauka daga kanta."

Bai gama ajiye wayar ba aka ɗauke wuta. Titi ya ɓace, gidan mai ya ɓace, fankokin nan uku suka yi tsit. Baba ya dubi baƙin gilashin, ya ja birki a nutse, ya sauke hannu daga sitiyari.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Mun iso gida."

Sannan ya nuna min jarkar janareta da haɓa, ya ce in yi sauri, akwai kayan mutane a bayansa.

A layin mai nake rubuta wannan, jarka tsakanin ƙafafuna, layin bai motsa ba tun da na zo jiya. Ranku ya daɗe Masu Girma, ina sanar da ku cewa an kammala titi guda a unguwarmu, mai kwalta da fitilu da gada, kuma mota tana bin sa. Yana falona, kusa da firji. In kuna son zuwa yanka kirtani, tela ya tanadi almakashi, amma don Allah ku taho da wutarku.