Hanyar da Na Sani Gefe Ɗaya

Da na fita takabar mijina Malam, na ƙudura kai wa yayarsa carbinsa, yadda ya bar wasiyya, can ƙauyensu cikin duwatsun Fika. Ƙanena Sani, da ya zo daga Kano, ya aro babur ya ce, "Yaya, kin san hanya?"

Na ce, "Shekara talatin Malam yana goya ni a kanta, Allah ya jiƙansa."

Gwiwata na ciwo, sai na zauna a karkace ina fuskantar hagu. Muka yi ta hawa da gangara, ban ga tsamiyar da muke karya kwana ba. Dutse ɗaya muka zagaya sau uku, har wani manomi ya daina amsa sallamarmu.

Sani ya tsaya. "Yaya, wane gefe kike kallo a bayan Malam?"

Sai hawaye. Gefen dama nake kallo kullum, a dawowa kuma gyangyaɗi nake, goshina a bayansa.

Na juya zama, sai ga tsamiya. Carbi ya isa hannun mai shi.

Har yau ko maƙwabta zan shiga, matan unguwarmu ta Hausari sai sun ce, "Iya, kin dai juya daidai?"